Ramin da ke Kusa da Mengia

Mu a Cavraz coci biyu gare mu, maƙabarta ɗaya, kuma ba don son juna ba. Duk kwarin nan dutse ne, ko'ina ka kafa shebur sai ya yi ƙara. Wani ɗan fili ne kawai a gefen kogi, tsakanin cocin Fada da ke kan tudu da cocin Fasto da ke gangare, yake da ƙasar da za ta rufe mutum. Tun da garin ya dare biyu, shekara ɗari uku da suka wuce, 'yan Fada da 'yan Fasto suke fasa wa juna kai a kan filin nan, har an taɓa barin gawa kwana huɗu a bakin hanya ana musu. Da kakanninmu suka gaji sai suka kafa doka cewa layi za a bi. Gawar da ta riga shiga ƙofar maƙabarta ita ke da rami na gaba, ko ta wane coci ce, babu zaɓe, babu ajiye wa wani wuri. Ni Clau, na gaji makullin ƙofar da shebur daga mahaifina, na yi shekara arba'in da ɗaya ina jera mutanen da ko gaisawa ba sa yi kafaɗa da kafaɗa.

Mengia ta rasu ne a watan da shanu ke saukowa daga makiyayar sama. 'Yar Fasto ce, amma ta auri Gieri, ɗan Fada, mutumin Muotta, wasu gidaje shida da ke manne a jikin dutse, tafiyar awa uku sama da mu. Shekara hamsin da biyu suka yi tare, 'ya'yansu duk ba su rayu ba. Yayanta Luzi, tun ranar auren ya ce ba shi da ƙanwa, kuma bai sake kiran sunanta ba. Ranar jana'izarta ma, ana kaɗa ƙararrawa shi yana bayan gidansa yana faskare, yana buga gatari da ƙarfi don duk mu ji, ga shi tarin da ke cinsa ko barinsa ya miƙe sosai ba ya yi.

Kafin ƙasa ta daskare nakan tona rami biyu ko uku, in rufe su da katako da ciyawa, su jira masu rabon hunturu. Ina cikin tona na kusa da Mengia sai inuwa ta faɗo mini. Na ɗaga kai na ga Gieri, hula a hannu, yana leƙa ramin kamar mai duba ɗakin da zai tare.

"Clau, ka ɗan matso da shi wajenta mana. Tazarar ta yi yawa."

Na ce masa taku ɗaya ne tazarar kowa, Baba, ba ni na yanke ba. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni wa ke kwance ba lafiya a gari. Na ce babu kowa sai Luzi. Sai ya mayar da hularsa.

Gieri ba wawa ba ne, ya san dokar, ya kuma san Muotta. Da ƙanƙara ta fara zuba hanyar can takan toshe har bazara, duk wanda ya mutu a sama kuwa sai a ɗora shi a rufin rumbun ciyawa ya ƙandare, ya jira hanya ta buɗe. Saboda haka ya shiga gari gida-gida yana neman inda zai raɓa ya yi hunturu. Ba abinci yake roƙo ba, ya ce zai zo da cukunsa da busasshen namansa, kusurwa kawai yake so kusa da ƙofar nan. 'Yan Fada suka ce ya je wajen surukansa, tunda su ya zaɓa. 'Yan Fasto suka ce ai yana da cocinsa. A tsawon rayuwata ban taɓa ganin bakin cocin nan biyu ya zo ɗaya haka ba.

Daga ƙarshe ya zo wajena. Ina da ɗaki a saman garken awaki, da ɗumi, babu kowa a ciki. Na ce masa ciyawa ta cika shi. Gaskiyar magana, Duri ɗan Luzi shi ne shugaban gunduma a lokacin, makullin nan kuma da yardar gunduma nake riƙe da shi. Gieri ya kalli ɗakin, tagarsa a buɗe, ana hango bangon ciki fayau, bai ce ƙarya nake ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

"To shi ke nan. Amma in na riga Luzi, ka tsare mini wurin."

"Zan tsare, Baba."

Haka na faɗa, don na ga ita ce hanyar da zai fi saurin barin ƙofar gidana. Washegari ya hau dutse, bayan kwana tara ƙanƙara ta rufe hanya.

Hunturunmu dogo ne, abin hira kuma kaɗan, sai tsofaffin nan biyu suka zama abin nishaɗin gari. Ran Lahadi in an tashi daga coci, na tudu su gangaro, na gangare su hauro, a haɗu a gidan shan giya na bakin gada, kowa ya tambayi kowa wa ke gaba. Wani ya ce ya ji tarin Luzi daga ƙetaren kogi, lallai ya kusa. Wani ya ce ai Gieri akuyar dutse ne, sai ya binne mu duka. Mata ma a bakin famfo suna wanki suna dariya, wai Mengia ta fi 'yan mata farin jini, maza biyu na tseren kwana kusa da ita. Ni ma na yi dariyar, ba zan wanke kaina ba.

Mutanen Muotta in an yi musu rasuwa sukan rataya baƙin bargo a bangon rumbun da ke fuskantar kwari, a tsaye in namiji ne, a kwance in mace ce. Tsakiyar Janairu, wata safiya da gari ya yi garau, muka hango shi a tsaye. Maza uku ne kacal suka rage a can, biyu kuwa ƙarfafa ne, don haka ba wanda ya yi shakka. Fada ya sa aka kaɗa ƙararrawa sau uku ya koma ɗaki ya ci gaba da jin ɗumi.

Ranar da hantsi Duri ya aiko kirana, wai tsohonsa na son ganina. Na tarar da Luzi a kan gado kusa da murhu, ya rame sai ido da hanci, ƙyallen da ke hannunsa duk jini. Amma fuskarsa a sake take, ban taɓa ganinta haka ba.

"Clau, an ce surukin nawa ya tafi."

"Haka muka gani, Baba Luzi."

"Ya shigo ta ƙofarka?"

Na ce a'a. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Duri ya tallafe masa kai. Da ya samu numfashi sai ya yafito ni kusa.

"Kada ka zaci marmarin kwanciya kusa da ita nake. Ko a raye ban so zama da ita ba. Shi ne dai ba zai samu ba."

Sai dai mutuwa ta ƙi ba shi haɗin kai. Janairu ya ƙare yana nan, Fabrairu ya wuce yana nan, yana zagin likita, yana zagin surukarsa don ta dama masa kunu mai kyau. Kullum da safe sai ya sa a buɗe masa taga ya ji ko iska ta sauya. Ni kuma kullum in na je share ƙanƙara a kan katakon ramin sai in kalli sama, ina fatan ta narke da wuri, wai don alkawari ya cika kansa ba tare da na ɗaga ko yatsa ba.

Farkon Maris iska mai ɗumi ta taso daga kudu. Rufin gidaje ya fara ɗiga, dutse ya yi kwana uku yana ruri yana zubar da ƙanƙarar da ke kansa. Ran Talata da rana Luzi ya cika, bakinsa a buɗe, Duri ya ce kalmarsa ta ƙarshe tambaya ce, ko hanya ta buɗe.

A al'adarmu gawa takan kwana uku a gida kafin a binne, kuma a wannan ko Fada da Fasto ba su da saɓani. Na ƙirga, Juma'a ke nan. Ran Laraba da hantsi sai matata ta kira ni bakin ƙofa ta nuna mini sama. Wasu baƙaƙen ɗigo huɗu ne ke gangarowa daga Muotta a hankali, suna jan wani abu dogo a bayansu. Ban san lokacin da na yi ajiyar zuciya ba. Amma ba ni kaɗai ke da ido a garin ba, kafin in gama ɗaura takalmi ƙararrawar cocin Fasto ta fara kaɗawa.

Duri ya je ya samu Fasto ya ce iska mai ɗumin nan ta taɓa gawar, ba za ta kai Juma'a ba. Fasto ya ɗan yi gunaguni a kan al'ada, sannan ya ɗauki littafinsa. Akwatin gawar ma ba a gama goge shi ba, suka kafa masa ƙusa huɗu suka saɓo shi. Fada da ya ga haka sai kishin coci ya motsa masa, shi da bai ba Gieri ko benci ba, ya sa aka saki tasa ƙararrawar. Ƙararrawa biyu suna kaɗawa, kowace na neman danne 'yar'uwarta, mutane suka fito suka jeru a bakin hanya kamar masu kallon tseren shanu.

Na riga su isa ƙofar. Ina tsaye, hannuna a aljihu a kan makullin, masu ɗauke da Luzi suka iso suna haki. Na waiga sama. 'Yan Muotta sun wuce itatuwan ƙarshe, sun kusa gadar sama, har ina iya gane jan ɗankwalin Barla, tsohuwar maƙwabciyar Gieri, tana tafe tana nitsewa har gwiwa. Abin da ya rage musu bai fi kwata na awa ba.

"Buɗe mana, Clau," in ji Duri.

Da na ce na manta makullin a gida, zuwa da dawowa kwata na awa ne cif, kuma ba wanda zai iya kama ni da laifi. Na san haka a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Na kalli Fada da ke tsaye a kan tudu, ya kawar da kai. Na kalli Duri, ko harara bai yi mini ba, jira kawai yake, don ya san ni. Na zaro makullin na buɗe.

Fasto ya karanta addu'arsa da sauri kamar mai jin fitsari. Muka zura Luzi, na fara mayar da ƙasa, mutane suka juya suka nufi gidan Duri inda miyar sha'ir ke jira. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da 'yan Muotta, suka ɗan raɓe suka ba su hanya, wasu har da cire hula.

Maza biyu da mata biyu ne, tufafinsu sharkaf, igiya ta yanke musu tafin hannu. Tun asuba suka taso, don sun ce ba za su ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Gieri na kan katakon da suke jan ciyawa da shi a kan ƙanƙara, an naɗe shi da bargo, ya ƙandare kamar gungume, ba shi da nauyin kirki. Barla ta tsaya tana mayar da numfashi. Ta ga sabuwar ƙasa kusa da Mengia, ta ga ɗaya ramin a buɗe a gaba da shi, ta daɗe tana kallon su biyun kafin ta gane.

"Wa ke nan?"

"Luzi ne, Inna."

Ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan katangar, ta fara ba ni labari da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce tun Kirsimeti Gieri ya daina cin abinci, in ta kai masa miya sai ya zuba wa kare. Daga baya ya daina hura wuta, ga itace jibge har rufi. Ta yi masa faɗa, ta ce zunubi ne, ya ce ya sani, amma Luzi na tari tun kaka, ba shi da lokacin jira.

"Ranar da zai tafi ya tambaye ni ko an ji ƙararrawar Fasto daga kwari. Na ce ba a ji ba. Sai ya yi murmushi, ya ce, to na riga shi, sauran kuma Clau ya ce zai tsare."

Fada ya gangaro da ruwansa mai tsarki, ya ce mu yi sauri, ƙafafunsa sun jiƙe. Muka sa Gieri a rami na gaba, Luzi a tsakaninsa da matarsa. Ni na mayar masa da ƙasa.