Wainar Ƙwan da Ta Tafi a Jirgi

Mutum biyu aka kwantar a asibiti ranar Lahadi, kuma likita ya ce za su tashi. Na ukun, dattijo Shigeru Kuroiwa mai shekara tamanin da ɗaya, yana cikin jirgin ƙasa da kwanon guzuri, bai san abin da ke ciki ba.

Fumie, matar ɗansa, ita ta soya wainar ƙwan. Su huɗu suka zo daga Tokyo hutun kwana uku a wani ƙauye cikin tsaunukan Nagano: ita, mijinta Tatsuo, ƙanwarta Sanae da dattijon. Tsohon gidan manoma suka kama haya, irin wanda baƙo ke girka wa kansa abinci. Mai gidan, tsohuwa Horiuchi, ta ba su makulli ta ce su tsinki abin da suke so a lambun baya.

Da safe Fumie ta yanko ganyen nira, wani ɗan'uwan ganyen albasa, daga gindin katanga, dogo, kore shar, kamar wanda take saye a ɗaure cikin leda. Ta soya da ƙwai takwas. Dattijon ba ya karya kumallo sai shayi, kuma zai riga su komawa saboda ganin likitan zuciya ranar Litinin, don haka ta shirya masa rabonsa da shinkafa. Ita ba ta ci ba, tana saurin kai shi tasha.

Da ta dawo, ƙarfe goma saura kwata, ta tarar da Tatsuo durƙushe a tsakar gida yana amai. Sanae na kwance a bakin ƙofa, zufa ta jiƙa mata riga.

"Yaya, me kika ba mu?" in ji Sanae. "Da ma na san girkinki sai ya kashe wani."

Fumie ta kira motar asibiti, sannan ta kira mai gidan. Tsohuwar ta iso da takalmin gona, ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Nuna mini inda kika yanka."

Fumie ta nuna. Tsohuwar ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta kai mata hanci.

"Kin ji warin tafarnuwa?"

"A'a, Iya."

"To ba nira ba ne, 'yata. Nira na can kusa da rijiya. Wannan suisen ne, shukar ado, bai fitar da fure ba tukuna. Guba ne. Ku mutanen birni ba ku sunsuna abu kafin ku dafa? Su wa suka ci?"

"Su biyun nan." Sai Fumie ta tuna da kwanon guzurin. "Da Baba. Nasa na hannunsa."

Ta kira wayarsa, a kashe. Ba ta yi mamaki ba. Dattijon na kashe waya da zarar ya shiga jirgi, don a ganinsa rashin kunya ne ta yi ƙara cikin mutane. Kuma shekara ashirin da ta san shi, ƙarfe sha biyu daidai yake cin abincin rana.

Motar asibiti ta ɗauke su biyun. Kafin a rufe ƙofa Tatsuo ya ɗago kai.

"Kada ki biyo mu. Nemo Baba. Ni da nake da ƙarfi ma kin ga yadda na koma."

Fumie ta zauna a dakali ta kira tashar da dattijon zai sauya jirgi. Ma'aikacin ya saurare ta da ladabi, ya tambayi kamanni. Hula ruwan toka, sanda, kwano ɗaure cikin shuɗin ƙyalle. Ya ce za su yi sanarwa.

"Ba ya ji sosai," in ji ta. "Don Allah a bi kujera-kujera."

Tsohuwar ta ɗauko fartanya ta fara tumɓuke ganyen gindin katanga.

Sha biyu saura minti bakwai ma'aikacin ya kira. Sun bi jirgin Tokyo tarago-tarago kafin ya tashi, ba su ga mai hula ruwan toka ba. Wani mai shara dai ya ce ya ga dattijo da shuɗin ƙunshi ya fita daga tashar, ya nufi bakin kogi, inda ake da kujerun zama.

An tura mutum ɗaya bakin kogin ya nemo shi. Wayar dattijon har yanzu a kashe take.