Kunama Cikin Kwalin Alli

Kunamar da ta harbi Malama Rahmatu ranar Litinin a cikin kwalin alli take, kuma ba da ƙafarta ta shiga ba. Hannun malamar ya kumbura suntum, ga ta da tsohon ciki, sai a mota aka kai ta asibiti. Kafin a tashi, shugaban makaranta ya riga ya sami mai laifi: Sabo, ɗan aji huɗu, ɗan wani lebura da ya baro ƙauye ya zauna Tudun Jukun. Kowa ya san Sabo yana kama kunama da hannu, ya karye mata ƙari, ya ɗora ta a kafaɗa yara suna ihu. Shugaba ya ce ranar Juma'a zai kore shi a gaban ɗalibai duka. Yaron ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurara. Da ubansa mai babbar riga ne, da an bincika.

Malam Aƙilu mai koyar da Hausa ne kaɗai ya san ba haka abin yake ba. Ranar Lahadi da la'asar, yana dawowa a keke ta gindin ganuwa, ya hangi ɗansa na fari tsugune yana ɗura ruwa a ramin kunama, gefensa gwangwanin madara mai hudajjen murfi. Litinin da yamma ya tsinci gwangwanin a bayan zaurensu a Limancin Kona, babu komai ciki.

Yaron ajinsu ɗaya da Sabo, kuma Malam bai taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, sannan sunan mahaifin Malam ya ci. A gidansu uba ba ya zama da irin wannan ɗa, ba ya haɗa ido da shi, balle sunan ya fito daga bakinsa. In zai aike shi sai ya ce da ƙanwar yaron, "Gaya wa wancan." A aji kuwa, "kai na bakin taga." Uwar ta fi Malam kunyar yaron, kakar da takan tsaya tsakaninsu kuma ta rasu bara. Haka magana ta rasa bakin da za ta bi.

Ranar Alhamis ya shiga aji da wata dabara. Ya tsallake darasin ranar, ya karanta musu wani gajeren labari: wasu yara sun kwance jakin wani mai itace don su yi dariya, jakin ya shiga gonar dawa ya yi ɓarna, aka kama mai itacen ana duka. Can sai ɗaya daga cikin yaran ya fito ya ce shi ne ya kwance.

Ya rufe littafin. "To, me ya sa yaron nan ya fito?"

Jumare, sarkin surutun aji, ya ɗaga hannu daga baya. "Malam, wawa ne. Ai jaki ba ya ba da shaida."

Aji ya fashe da dariya.

"Kai dai ka ba da shaida a kan kanka," in ji Malam. "Zauna, jikan jaki. Asama'u?"

"Tausayin tsohon ya ji, Malam."

"Tausayi kawai? Wanda ya yi shiru ana dukan wani a kan laifinsa, shi da mai sandar wa ya fi mugunta?"

Dariyar ta ɗauke. Wasu suka saci kallon Sabo, wanda ya kifa kai a kan tebur tun shigowar Malam. Sabo ya zo makaranta ne kawai saboda ya kasa gaya wa ubansa.

"Ƙuruciya ba zunubi ba ce," Malam ya ci gaba, yana kallon allo, yana magana da taga. "Yaro yakan ɗauka ya karye ƙarin abu, ashe bai karyu ba. Wannan kuskure ne. Shirun da ya biyo baya, shi ne laifin. Akwai mai magana?"

Babu. Na bakin taga yana ta feƙe fensir, har ɓawon ya taru a cinyarsa.

Malam ya so labarin ya yi masa aikin da ya kamata uba ya yi da bakinsa, labarin kuwa ya ƙi. Can waje ya hangi ɗalibin da ke kaɗa ƙararrawa ya nufi ƙarfen da ke rataye a bishiyar darbejiya. In aka kaɗa, shi ke nan, gobe Sabo ya koma ɗaukar bulo tare da ubansa.

"Kai na bakin taga."

Yaron bai ɗago ba. Akwai wasu ma a bakin tagar.

Malam ya dafa tebur.

"Lawal."

Fensirin ya faɗi ƙasa. Duk ajin sun san abin da suka ji. Jumare ma bakinsa a buɗe ya tsaya.

"Tashi. Ɗauko gwangwanin madara da ke cikin jakata, mu je ofis."

Suna tafe a baranda, uba a gaba ɗa a baya, sai yaron ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ban taɓa jin sa a bakinka ba sai yau."

Malam bai waiwaya ba.

Ranar Juma'a Lawal aka yi wa bulala, shi aka kora. Sabo ya koma kujerarsa, ba wanda ya ba shi haƙuri. Malamai suka yi ta yaba wa Malam Aƙilu, shi kuwa yabon ɗaci ya yi masa. Ya san ya yi daidai, ya kuma san ya makara da shekaru.

Da la'asar yana zaune a zaure, ƙanwar Lawal ta kawo masa ruwa. Ya buɗe baki zai ce, "Gaya wa wancan," sai ya fasa. Ya juya ya fuskanci cikin gida, ya kira sunan da kansa.

Ya daɗe yana jira. Ba a amsa ba.