Wanda Zai Tambayi Ƙofar Alhaji

Tumatirina ya fara fure ke nan ruwa ya ɗauke mana. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da wannan ke nufi. In fure ya ji ƙishi ya zube, shi ke nan, sai dai ka ƙare kakar kana yi wa ganye ban ruwa.

Gonata tana can wutsiyar magudana, a ƙofa ta shida, ni da maƙwabcina Baƙo. Ruwan daga madatsar garinmu yake tasowa, nan tsakanin Gozaki da Malumfashi. Inji mai aiki da hasken rana ke turo shi, ya bi ƙofofi shida. Ƙa'idar ƙungiya kuwa kowace ƙofa da ranarta, ranar taka sauran duk su rufe. Ƙofa ta ɗaya, wadda ke bakin inji, ta Alhaji Almustapha ce, shugaban ƙungiyar. Tana cikin lambunsa, lambun kuma an zagaye shi da katanga. Alhaji surukina ne, ɗansa ke auren 'yata Nana Khadija.

Ranarmu ta zo, abin da ya iso mana bai fi fitsarin akuya ba. Ta sake zagayowa, haka. Aka yi maganar a masallaci, Alhaji ya ce inji ne ya gaji, madatsa kuma ta ja baya, a yi haƙuri. Ni na yi dillancin auduga a Funtua, na yi fataucin goro har Shagamu, na san fuskar mutumin da ke rantsuwa da abin awo a hannunsa. Na kuma ga ganyen ayabar Alhaji ta saman katanga, shar da shi kamar tsakiyar damina.

Abin takaicin, akwai mai shaida. Tun bara wani kamfani ya maƙala wa injin da kowace ƙofa wata 'yar na'ura mai lura da ko a buɗe take ko a rufe, da yawan ruwan da ya wuce. Sai dai duk abin da ta gani ofishinsu na Funtua take kai wa. Mu masu ƙishi ba mu gani, su da ba su da ko kunya ɗaya ta albasa suna kallo a allo suna shan lemo.

Wannan ne aka turo Murja ta gyara. Yarinya ce 'yar Funtua, ta yi karatun kwamfuta a Zariya, ga kaifin baki. Ta zauna da mu ƙarƙashin mangwaron ƙungiya, kwamfutarta bisa cinya, ta ce aikinta shi ne ta yi wa na'urar baki da kunne. Mutum ya ɗauki wayarsa ya yi magana, ba sai ya iya rubutu ba, na'urar ta amsa masa da Hausa.

"To, iyayena, me kuke so ku riƙa tambayar ta?"

Wani ya ce Allah ya sa alheri. Baƙo ya ce a tambaye ta ko za a yi ruwa da wuri bana, aka yi dariya. Da ƙyar ta tatso tambayoyin daga bakinmu: inji na aiki? Ruwan madatsa ya kai ina? Yau ranar wa? Ƙofa kaza a buɗe take ko a rufe, kuma tun yaushe? Duk wanda ya faɗi tambaya sai ta sa shi ya maimaita yadda zai faɗa a gida, ta ɗauki muryarsa, don na'urar ta saba da bakinmu. Aiki ta yi na gaske, wannan ba zan ci haƙƙinta ba.

Ana shirin tashi Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"Abu ɗaya zan ƙara, 'yata. Mu nan ba mu son munafunci. Duk wanda ya yi tambaya, muryarsa da sunansa su shiga wayar kowane ɗan ƙungiya, tare da amsar. Komai a fili."

Murja har da tafi. Ta ce ai wannan shi ne gaskiya da gaskiya, da duk shugabanni haka suke da an huta. Ni kuwa na ji kamar an watsa mini barkono a ido. Dattijon nan ya toshe bakin rijiya da hannu ɗaya, ana yi masa godiya. Ina zan ɗaga murya a kan surukina a bainar jama'a?

Aka buɗe layin tambayar na'ura. Mutane suka yi ta tambayar ko inji na aiki. Yana aiki, in ji na'ura. Madatsa fa? Da sauranta sosai. Daga nan kowa ya ja bakinsa ya tsuke, don tambayar da ta rage kowa ya san ta, kowa kuma ya san gidan da za ta faɗa. A garin nan, ka ambaci ƙofar mutum da sunanka a kai, ka kira shi ɓarawo ne a tsakiyar kasuwa.

Wata safiya na duƙa gindin tumatiri na ga fure a ƙasa, rawaya-rawaya, kamar an watsa gero. Na hau babur ban ko wanke ƙafa ba, na sami Murja a rumfar inji tana duba wayoyi.

"Ke, wannan abin da kika gina, na waye?"

"Naku ne mana, Baba Ummaru. Lafiya?"

"Ina lafiya? Gonata na mutuwa, abinki na kallo!"

"Ka tambaye shi?"

"In tambaye shi garin duk ya ji muryata?"

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ashe ita ma a cike take. Ta ce manyanta a Funtua sun duba sun ga ba mai tambayar ƙofofi, sun ce ashe rabon ruwa lafiya lau yake, har suna shirin cire wannan ɓangaren gaba ɗaya.

"Na hana kaina hutu na gina muku wannan, kun tsaya kuna tambayar ko inji na aiki. Kuna jin ƙararsa da kunnenku fa, Baba!"

"To cire sunan."

"Ba zan iya ba. Ƙungiya ce ta yanke, a gabanka, kana zaune. Sai an sake taro."

"Wa ke kiran taro?"

Ita ma ta san amsa, Alhaji ne. Na sake matsa mata.

"To ke ai kina gani a kwamfutarki. Faɗa mini."

"Ina gani. In na faɗa maka, gobe a ce baƙuwa ta zo haɗa faɗa, kamfani ya ɗauke ni, a ce na'urar ma ƙarya take. In ɗan ƙungiya ya tambaya, amsar ta kowa ce, ba mai musu. Danna kawai za ka yi. Kunyar mara kunya ai asara ce."

"Karin magana za ki koya mini? 'Yata tana gidansa. Tuwon da za ta ci yau daga rumbunsa aka ɗebo. Ke in kin gama ki hau mota ki koma Funtua, ita fa?"

Na bar ta nan, na nufi wajen Baƙo.

Baƙo Bamaguje ne, tun kakanni muke gona kusa da gona. Na same shi yana tona ƙasa da yatsa yana neman danshi.

"Baƙo, kai ba surukinsa ba ne. Yi tambayar nan."

"Ni? Ummaru, ka sha wani abu ne? Ni da ba na bin shi salla? Kai in ka yi, a ce rikicin gida. Ni in na yi, kafin la'asar an mai da ita wata magana daban, ba ta ruwa ba. Ka bar ni da ƙishina."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara ƙona mini rai. Muka zauna bakin busasshiyar magudana muna zagin inji, muna zagin kamfani, muna zagin duk wanda ba ya kusa. Can Baƙo ya ce, shi a duniyar nan mutum ɗaya ya taɓa gani, mace ce, ta ci mutuncin Alhaji ya yi dariya.

Rabi mai ƙosai. Uwarta da uban Alhaji ciki ɗaya suka fito, ka ga taubasai ke nan. Ita ta ce shi bawanta ne, shi ya ce ita ce baiwa, tun suna yara ba a raba gardamar ba. Duk abin da ta faɗa masa dole ya haɗiye, in ya yi fushi shi ya faɗi, garin duk zai yi masa dariya. Kuma tana da 'yar gona a ƙofa ta biyar da mijinta ya bari, lambarta na cikin ƙungiya.

Na same ta tana kwashe ƙosai. Ban ɓoye mata komai ba.

"Wato kai kana jin kunya, ni ce mara kunya?"

"Ke ce mai lasisi, Hajiya."

"Lasisin gidanku. Albasata ma ta kwanta, na ɗauka inji ne. Ashe wannan mai tumbin ne?" Ta goge hannu a zane. "Bari a sauko daga Juma'a."

An sauko daga masallaci, mutane sun taru ƙarƙashin mangwaro kamar kullum, Alhaji bisa kujerarsa. Murja ma tana gefe da jakarta. Sai ga Rabi ta ratso maza da wayarta a hannu, ta tsaya inda kowa zai gan ta, ta danna.

"Ke na'ura! Ƙofar bawan nan nawa mai tumbi kamar randa, a buɗe take ko a rufe?"

Wayoyi suka yi ƙara a aljihuna, muryar Rabi ta fito daga ko'ina. Na'ura ta ce ba ta gane ba, a sake tambaya.

"Ba ki san shi ba? Almustapha! Wanda ya yi fitsarin kwance har ya isa aike!"

Na'ura ta sake cewa ba ta gane ba. Yanzu kam mutane sun kasa riƙewa, wasu har da riƙe ciki. Alhaji yana dariya shi ma, yana nuna ta da carbi.

"Ku ji baiwar nan! Ko na'ura ta san ba a amsa wa bayi."

Murja ce ta ɗaga murya daga gefe, idonta a ƙasa. "Inna, lambar ƙofa take so."

"Au, to. Ƙofa ta ɗaya, a buɗe ko a rufe?"

Amsar ta fito daga kowane aljihu lokaci guda. Ƙofa ta ɗaya a buɗe take. Ba a rufe ta ba tun makon jiya. Yau ranar ƙofa ta shida ce.

Dariya ta tsaya cak. Na kafa ido a kan takalmina. Rabi kaɗai ke da baki.

"Kai, ɓarawon ruwa! Ayaba kake shayarwa ko kada kake kiwo a ciki? Tashi ka rufe, ko in shiga in rufe da kaina in tsinke ayabar in kai kasuwar Bakori!"

Na san Alhaji. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Amma taubashiya ce ta yi magana, a gaban jama'a, ba shi da wata ƙofar fita sai dariya. Ya yi ta, busasshiya. Ya ce lallai masu yi masa aiki sun yi sakaci, shi bai ma leƙa lambun ba kwanan nan, Allah ya so aka gano. Ya miƙe da kansa ya tafi rufewa. Ba wanda ya ce masa ƙarya ne. Wani ma har ya ce, "Allah ya saka, Alhaji."

Murja ta matso kusa da ni tana rufe jaka.

"Baba, a taro na gaba zan kawo maganar cire suna."

"Ki kawo. Shi zai kira taron."

Kafin la'asar ruwa ya iso wutsiya, yana tura busasshen ganye a gabansa. Ni da Baƙo muka shiga da fartanya muna buɗe masa hanya kunya bayan kunya. Layukan da ke gefen tudu sun riga sun tafi, furen ya zube, karan ya yi laushi, ko kogin Kwara aka juyo musu ba za su tashi ba. Na tsakiya da na gangare za su yi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na gonar ke nan ayabar Alhaji ta shanye.

Ina duƙe cikin taɓo na ji babur ya tsaya a kan hanya. Alhaji ne. Bai sauko ba. Ya dubi gonar, ya dubi layukan da suka mutu, sannan ya dube ni, irin kallon da ke cewa ya san wanda ya je wajen mai ƙosai.

"Sannu da aiki, Malam Ummaru. Ruwa ya iso?"

Fartanya na hannuna. Na ji Baƙo ya daina sara a bayana. Na miƙe, na cire hula da hannun da ke da taɓo, na ɗan rusuna.

"Ya iso, Alhaji. Mun gode."