Ƙyallen Hanyar Fadan Kaje

Bayan ɗaukewar ruwan 1978 ni ne heluma, wato shugaban leburori, a aikin wata hanya da ake ja zuwa Fadan Kaje. Akwai fadama a tsakiya da ta ishe mu. Tifa goma za ta juye tsakuwa, kwana biyu laka ta haɗiye. Sai injiniyanmu, Mista Wilfred, ya sa aka ɗauko wani farin ƙyalle mai kauri daga tashar jirgin Kafanchan, bandir-bandir, kowanne sai ƙarti huɗu sun ɗaga. Ya ce a shimfiɗa a kan laka, a zuba tsakuwa a sama. Ruwa zai wuce ta cikinsa, laka ba za ta wuce ba.

Mutanen ƙauye suka ce likkafani ne, kamfani wani abu yake binnewa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, ƙyallen raguwa yake yi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Ko gaisuwa mutum ya ja mini da tsawo, sai in ce akwai abin da yake nema. Na duba bakin bandir ɗin. Mu da wuƙa muke yanka, wannan kuwa yankan almakashi ne, tsaf. Waye ke zama da kayan a gindin mangwaro idan mun gangara fadama? Baba Tagwai mai gadi. Waye ke da 'ya mai ɗinki a kasuwar Kafanchan? Baba Tagwai. A wurina magana ta ƙare.

Na fara sa masa ido. Dattijo ne mai fara'a, gaisuwarsa sai ya tambayi har kajin gidanka, kuma wannan ma sai ya zama laifi. Da rana matata Roseline kan kawo mini abinci ta jira ni a gindin mangwaron, in taho in same su suna hira, in ce a raina: dubi tsohon ɓarawo yana dariya. In zauna in sha kununa. A makonnin nan kunun ya yi wani laushi, ba tsaki ko ɗaya, har ina ɗanɗana wa direbobin tifa ina cika baki.

Ranar Juma'a Mista Wilfred ya auna abin da ya rage, ransa ya ɓaci.

"Gregory, wannan abu daga ƙasar waje ya zo, daidai fadama aka auna shi. In bai kai ba, damina mai zuwa za ta cinye aikin. Ka ba ni sunan mutum yau, ko kai ka tafi."

Na kira Baba Tagwai gaban kowa.

"Baba, ina ƙyallen kamfani?"

Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba. "Heluma, kai ne kana tambaya na?"

"Ni ne. Wa ke yankawa?"

"Ni ba ɓarawo ba ne. Kar ka sa ni na faɗi."

"Faɗi mana! Ko 'yarka ce za ta faɗa?"

Ya juya mini baya. Sannan ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki sandarsa, ya kama hanya. Na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ran Lahadi dattawan ikilisiya suka ce ya dakata da cin Jibin Ubangiji sai an bincika. Ya zauna a benci na baya shi kaɗai.

Da muka dawo daga sujada Roseline ta ajiye mini kunu ta shige. Na sha rabi, na zaga bayan kicin in wanke hannu. A kan danga na ga yankin farin ƙyallen nan a shanye, mai kusurwa huɗu, tsakiyarsa ta yi ja da dawa.

"Roseline! Mene ne wannan?"

Ta fito tana murɗa bakin zane. "Baban Beatrice, ai kai ka ce ruwa yana wucewa, laka ba ya wucewa. Na ce to dusa ma ba zai wuce ba. Abu mai kyau haka kuna binnewa a ƙasa."

"Guda nawa kika yanka?"

"Nawa, da na Mama, da na matan zumuntan ikilisiya uku."

"Baba Tagwai ya gan ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi yana riƙe mini bakin in yanka. Na ce masa kai ka aiko ni."

Na zauna a kan turmi. Ashe duk ihun da na yi masa a gaban jama'a, a ganinsa mai kayan satar ne ke yi. Ya san sunan, ya haɗiye, don kada ya kunyata ni da matata. Kunya irin wannan ban taɓa ji ba.

Ran Litinin na ajiye ƙyallen a teburin Mista Wilfred, da warin tsaminsa da komai, na ba shi sunan da ya nema: nawa. Aka mayar da ni lebura. Muka tattaro sauran huɗun, 'yar Baba Tagwai ce ma ta haɗe su da keken ɗinki, aka rufe ƙarshen fadama da su. Baba Tagwai kuma ya koma gindin mangwaro, ya koma bencinsa na gaba.

Na je har gidansa na durƙusa, ya ce ya yafe. Amma daga ranar bai ƙara tambayar kajina ba. Har ya rasu, in mun haɗu, "Sannu, Gregory" kawai yake cewa ya wuce.