Takalman Sallar Baba Inuwa

"Ban tambaye ka lamba ba," in ji Baba Inuwa. "Juyo shi in aza tsinkena."

Mai takalma ya kife takalmin a tafin hannunsa. Baba ya zaro tsinken tsintsiya daga naɗin hularsa, ya ɗora a ƙasan takalmin, ya kanne ido ɗaya. Tsinken ya ɗan zarce.

"Zai matse ta. Kawo na gaba da shi."

"Haba Baba, ka tausaya, azumi ake yi."

"Kai kaɗai aka ɗora wa? Kawo, na ce."

Ina tsaye a bayansa, na tokare shi da kafaɗa don kada cinkoson babbar kasuwa ya kayar da shi. Ƙarshen azumin 1986 ne, kowa ya fito sayayyar sallah. Baba Inuwa maƙwabcinmu ne a Unguwar Shanu, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin Katsina. Matarsa ta rasu, ya rage daga shi sai kyanwarsa, wadda ya raɗa wa suna Kwandasta. Ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, har silifas ɗinsa sai da ya yanke igiyar ya ƙara da tsumma. Likita ya hana shi azumi da doguwar tafiya. Ranar duka biyun yake yi.

Ni kuwa a shekarar na dawo daga karatu a Rasha. Ba ni da aiki, ina da babur. Shi ya sa ya ɗauke ni direba.

Ya zaɓar wa jikarsa Hauwa jan ƙwas-ƙwas mai ƙulli a sama. Ya zaro guntun tsinke na biyu, ya auna wa ƙanenta Aminu farin kambas. Ya matsa hancin takalmin, ya lanƙwasa ƙasan, har cikinsa ya shinshina.

A teburin kayan wasa na ɗauko bindigar roba. Ya buge min hannu.

"Soja kake so shi zama? Waɗanda muke da su ba su ishe ka ba?"

Ya ɗauki wata 'yar mota mai bodi, ya murza tayoyinta da babban yatsa, ya mayar. "Wannan ko Rigachikun ba za ta kai ba." Sai da ya gwada rabin teburin kafin ya sami wadda tayarta ta gamshe shi.

A layin 'yan atamfa ya tsaya neman ta surukarsa. "Kai da ka zauna da Turawa, mi matan boko ke so?"

"Baba, matan Rasha ba sa ɗaura atamfa."

"To, mi ka je koyowa?"

Ya ɗauki shuɗiya. Hular ɗansa kuwa a kansa ya gwada ta, ya zura yatsu biyu ta gefe ya ga sun shige, ya ce ita ce. "Kan Balarabe ya ƙaru tun da ya shiga banki."

Abin da ya saya a ƙarshe 'yar ƙararrawa ce ta tagulla, irin wadda ake ɗaura wa ɗan akuya.

"Ta Kwandasta ce. Ita ma sallah ta same ta."

"Ai ka gama da ita. Kowane ɓera zai ji tahowarta."

"Ta yi ritaya, kamar ni."

Kafin mu kai inda na ajiye babur numfashinsa ya tsaya masa a wuya. Na zaunar da shi a bakin wani shago. Yana haki, yana rungume da kayan.

"Wa ya aiko maka da awon ƙafar yaran?" na ce. "Matar Yaya Balarabe?"

"Ni na auna."

"Ashe an bar ka ka gan su."

Ya kalli titi. "Sawunsu na auna."

Sai da na matsa kafin ya faɗa. Ran Juma'a ya je gidan ɗan nasa a Malali. Maigadi ya shiga ya fito, ya ce Alhaji ba ya nan, Hajiya ta ce yara na karatu. Ya zauna a bencin bakin get, kamar yadda ya saba. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, ga sawun ƙananan ƙafafu nan biyu, babba da ƙarami. Da maigadi ya zagaya alwala, sai ya karyi tsinke a tsintsiyarsa, ya durƙusa ya auna.

"Da wannan ƙafar ka durƙusa a laka?"

"Laka ce, ba wuta ba."

"Rabonka da yaran fa?"

"An jima. Tarina suke tsoro. Mai 'ya'ya dole shi ji tsoro, Mamman." Ya gyara riƙon ledar. "Ni dai in sa musu da hannuna ran sallah. In suka taka na ji ƙarar, shi ke nan."

Da na buɗe baki zagi ne zai fito, kuma ina azumi.

Washegari da la'asar na hau babur na tafi Malali ni kaɗai. A bakin get na tarar da yara biyu suna gina ɗaki da jiƙaƙƙen yashi, mace da ƙanenta, ba takalmi a ƙafarsu. Maigadin, wani Bazamfare mai suna Lawan, ya ce nasa ne, a ɗakin gadi suke kwana da uwarsu.

Muna cikin gaisawa mota ta iso. Aka buɗe get, ta shige har bakin baranda. Hauwa da Aminu suka fito da safa da baƙaƙen takalman makaranta, suka taka siminti, suka shige. Hauwa ta yi tsawo, ta kusa kai kafaɗar ubanta. Na dubi ƙafarta, na waiwaya na dubi ta 'yar maigadi. Yaran gidan nan ba su taɓa taka ƙasar bakin get ba, balle ba takalmi. Sawun 'ya'yan Lawan Baba ya auna.

"A'a, Kwamared!" in ji Balarabe da ya hango ni a bakin get. "Yaushe rabon duniya da ayyaraye? Har yanzu ba aikin?"

"Yaya, jikin Baba ya yi tsanani. Ciwon zuciya ne, ba tibi ba. Ba a ɗauka."

"Likita ka karanto?"

"Na raka shi wurin likita. Kai ne ba ka je ba."

Fara'ar ta bar fuskarsa. "Ban aika masa da buhun shinkafa ba? Da sukari da madara?"

"Direba ya kawo."

"To?"

"Yara yake so ka kai masa ran sallah. Ya sayo musu takalma."

Ya yi dariya. "Takalman kasuwa? Ka je ɗakinsu ka ga takalma. Me ya sa Baba yake son wahalar da kansa ne?"

"Lamba nawa suke sawa?"

"Ina zan sani? Wannan sai uwarsu." Ya duba agogo. "Ran sallah gidan nan cike yake da baƙi. Ga unguwar nan taku, kwata ko'ina, ga damina. Bayan sallah, in Allah ya so."

"A unguwar aka haife ka."

"Shi ya sa na san ta."

Ya shige ciki. Ko ruwan buɗa-baki bai ce in tsaya in sha ba.

Na iske Baba a zaurensa yana goge jan takalmin da gefen rigarsa, takalmin da ko ƙura bai gani ba. Na yi niyyar karɓa in mayar kasuwa in canzo manya. Amma dole sai na faɗa masa dalili, kuma dalilin shi ne bai san girman jikokinsa ba. Na bar shi.

"Ka gan shi?" ya ce. Ya san inda na je.

"Na gan shi."

"Mi ya ce?"

"Ya ce gida zai cika da baƙi."

"Zai zo," in ji Baba. "Tun shina yaro haka yake, sai ya ce a'a kafin ya ce to."

Ran sallah bai iya zuwa idi ba. Da na dawo na same shi ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ja kujerarsa bakin zaure inda zai hangi kwanar layi. Ya jera kayan a kan tabarma: takalma a gaba, mota a gefe, atamfa da hula a baya. Kwandasta na kwance a cinyarsa.

"Riƙe min ita."

Na riƙe. Ya daɗe kafin ya ƙulla zaren ƙararrawar a wuyanta. Ta dira ƙasa, ta ji ƙara a jikinta, ta zabura, ta yi ta juyi tana neman mai binta. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Cikin duk abin da ya saya, wannan kaɗai ya bayar da hannunsa.

Yaran unguwa suka yi ta wucewa yawon sallah, da tabarau na roba da agogon da ba ya tafiya. Wasu suka tsaya suna leƙen jan takalmin.

"Baba, na waye?"

"Na masu shi ne. Suna hanya."

Duk motar da ta karyo kwana sai ya dafa hannun kujera ya ɗaga. Tun kafin ta bayyana yake gane ta. "Tasi ce," ya ce sau ɗaya, ya koma. "Akori-kura ce, filoginta ya mutu." Da azahar na ce ya shiga ya kwanta.

"In suka zo suka ga ba kowa fa?"

"Baba, ba za su zo ba."

Ya dube ni. Ban taɓa ganin ya dube ni haka ba. "Je ka kawo min tuwon innarka, Ɗan Rasha. Surutunka ya yi yawa."

Na je. Inna ta tsaya ɗumama miya, ta tsaya zaɓar masa nama mai laushi. Da na dawo da kwanon, kansa ya karkata gefe, idonsa na kan kwanar layi, hannunsa ɗaya ya sauka kusa da tabarma. Na ajiye kwanon. Na taɓa wuyansa. Na rufe masa ido, na kira liman.

Aka aika Malali. Baƙin da suka cika gida ba su hana Balarabe zuwa ba, kwata ma ba ta hana motarsa shiga layin ba. Ya iso tun ba a gama wanka ba, cikin shaddar sallah, yana kuka da ƙarfi. Mutane suka rirriƙe shi suna ba shi haƙuri. Aka kai Baba kafin magariba.

Washegari aka kafa rumfa, aka sauke kujeru. Motocin abokan aikinsa suka toshe layin har mai ruwa ya kasa wucewa da kurarsa. Yaran dai ba a kawo su ba. An ce kada su firgita.

Ran sadakar uku, bayan an shafa addu'a, na ɗauko kayan na dire a gabansa.

"Ga hularka. Ga atamfar Hajiya. Ga na yara."

Ya ɗaga jan takalmin da yatsu biyu, ya juya shi. "Allah sarki Baba. Wannan ai ko rabin ƙafar Hauwa ba zai ɗauka ba. Tsufa ke nan."

"Ba tsufa ba ne. A bakin get ɗinka ya durƙusa ya auna sawu a laka, don ba a bar shi ya ga ƙafar ba."

Liman ya kama hannuna. "Mamman, gidan makoki ne."

"Na sani, Malam. Ni na rufe masa ido."

Balarabe ya ajiye takalmin. Bai dube ni ba. "A raba wa mabuƙata," ya ce wa liman. "Kyanwar nan kuma a san yadda za a yi da ita, za a rufe gidan."

Na kwashe kayan, na ɗauki kyanwar, na kai gidanmu. Hular ce kawai na bari a kan kujerar Balarabe.

Da yamma, bayan motoci sun watse an fara naɗe rumfa, sai ga Lawan maigadi. Sai ranar ya sami izinin fitowa. A ƙasa ya tako daga Malali, da yaransa biyu a bayansa. Ya durƙusa a bakin zauren da babu kowa ciki, ya yi addu'a mai tsawo.

"Mutumin kirki," ya ce. "In ya zo, a bencina yake wuni. Waɗannan Kaka suke ce masa. Lami tun jiya take tambayata ina Kaka."

Na shiga gida na fito da ledar. Na zaunar da Lami a dakali, na share mata tafin ƙafa da hannuna, na zura jan takalmin. Ya zauna daidai, da ɗan wurin girma a gaba. Kambas ɗin ma ya shiga ƙafar ƙanenta. Na ɗora masa motar a cinya.

Lawan ya miƙe tsaye. "Malam, wannan ai na 'ya'yan manya ne."

"Awonsu ne. Shi ya auna."

Bai gane ba, ni kuma ban yi bayani ba. Lami ta sauka ta taka simintin zauren, ƙwas, ƙwas, ta kai bango ta dawo. Ta sake.

Hadari ya haɗo ta gabas, Lawan ya ce bari su kama hanya. A bakin zaure Lami ta tsaya ta dubi layin, duk tayoyin motoci sun dama shi ya zama taɓo. Ta tsuguna ta cire takalman, ta cire wa ƙanenta nasa, ta haɗa su ta ɗora a ka. Ta dafe da hannu ɗaya, ta kama yaron da ɗayan, suka bi bayan ubansu cikin laka.