An Ci Mata Mutunci

A tashar masu keke Rediyo ake ce mini, wai ko batir ya ƙare ni ba na ƙarewa. Fasinja ya shigo da fuska a murtuke, kafin mu kai shataletale yana roƙona in bar shi haka, cikinsa ya ƙulle. To ranar Alhamis ɗin nan bakin ya ci amanata.

Yayata a gidan burodi take aiki, ɓangaren sa burodi a leda. Ranar Litinin ta dawo ta ƙi cin abinci. Na ce ko ta ƙoshi da ɓawon burodin mutane ne, ko harara ban samu ba. Talata ta ce ciwon kai, Laraba ma haka. Sai Alhamis da safe, ina goge keke a ƙofar gida, aka kira ni ɗaki. Mama na kwance, jininta ya hau. Yaya na bakin gado ta juya wa ƙofa baya, ga maƙwabciyarmu, tsohuwar ungozoma, riƙe da hannunta.

Ungozoma ce ta faɗa mini. Manajan gidan burodin ne. Ya aiki Yaya sito ta ɗauko ledoji, ya bi bayanta, ya murɗa makulli.

"Dawo nan!" in ji ta, don ta ga na nufi ƙofa. "Shi ba yanzu ba. Akwai maganin da ke tare cuta mai karya garkuwar jiki, amma sai an fara sha kafin kwana uku su cika. Litinin ƙarfe huɗu abin ya faru. Yau ƙarfe huɗu ke nan. Ni zan zauna da uwarku, kai ka kai ta asibiti. Ka ji ni, ɗan nan?"

Na ce ƙarfe huɗu? Ni da keke? Kafin goma mun dawo.

A asibiti mai yankan kati yana bayan wata taga mai raga, sai ka sunkuya kamar mai leƙen kaji. Na sunkuya na ce, "Malam, wani ne ya ji wa yayata ciwo."

"Mutum ne ya yi?"

"Mutum ne."

"To sai da takardar 'yan sanda. Na gaba!"

A caji ofis benci ya cika. Ga wani da aka sace wa injin ban ruwa, ga mata biyu da suka yi faɗa a kan kwata, har yanzu suna yi da ido. Na bar wa Yaya ɗan gefen benci, ni na jingina da wata koriyar ƙofa. Sai sha biyu saura aka zo kanmu. Ɗan sandan da ke kanta, Allah ya ba shi murya, ko lasifika ba ya buƙata.

"Kai, mai keke, me ke tafe da ku?"

"Yallaɓai, yayata ce..."

"Ɗaga murya, ba na jin ka!"

Kalmar tana bakina. Wallahi tana nan, na ji ta a kan harshe. Amma Yaya ce fa. Ita ta goya ni, ita ta yi mini wanka har na fara jin kunya. Ga ta tsaye a gefena, ga benci duk ya miƙo kunne, har masu faɗan kwata sun yi shiru.

Na ce, "An ci mata mutunci ne, yallaɓai."

"Wa?"

"Manajanta, a wurin aiki."

Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji wannan sau ɗari. "Ku da manajojinku. Zagi dai ko?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Yaya tana kallon takalminta. Ya karɓi sunan mutumin da lambar wayarsa, ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo. Ni kuwa a raina takarda takarda ce, in dai da hatimi. Na ma ce masa Allah ya ƙara girma.

Muka koma taga mai raga. Mai kati ya duba ya turo mini ita ta ƙasa.

"Ba tamu ba ce. Ba ka iya karatu ba? Cin mutunci, a yi sulhu. Ofishin walwalar jama'a za ku."

Ƙarfe ɗaya da rabi ke nan. A hanya na ce, "Yaya, yau kin ga gari kyauta." Ta ce, "Kalli gabanka."

Ofishin walwala hawa na biyu ne, fanka ɗaya, kujerun roba huɗu. Sakatariya ta karɓi takardar ta ce shugabar ofis ta tafi taro, mu jira. Muka zauna a ƙarƙashin wata babbar fasta: ɗan sanda, nas da wata mai fayil sun riƙe hannun juna suna murmushi, an rubuta wai ƙofa ɗaya ta ishe ka. Na ƙirga namu, huɗu ke nan, in an sa da taga. Sakatariyar, baiwar Allah, don ta rage mana jira, ta ɗauki waya ta fita baranda. Ban kawo komai a raina ba.

Uku da kwata shugabar ta shigo, wata dattijuwa mai tabarau, da jakar taro a hammata. Ta karanta takardar a tsaye.

"Sakatariya ta ce ta kira manajan, gobe da goma zai zo ku zauna. 'Yata, me ya ce miki? Ashar ya yi?"

Yaya ta ɗago. Tun safe ban ga idonta ba sai lokacin.

"Kun kira shi?"

"Ai haka ake sulhu, sai an ji ta bakin kowa."

"Fyaɗe ya yi mini."

Haka ta faɗa, ba kuka, ba rawar murya, kamar mai faɗa wa direba inda za ta sauka. Jakar taro ta zame ta faɗi ƙasa.

"Yaushe?"

"Litinin. Ƙarfe huɗu."

Matar ta kalli agogon hannunta. Daga nan ban san tana da hannu nawa ba. Ta kira wata nas ta ce ta jira mu a bakin ƙofar asibiti, ta kira wata 'yar sanda, ta aiki sakatariya ta kawo ruwa, tana yi tana faɗa.

"Daga taron kwamitin nan nake fa! Tun bara muka zartar, asibiti ba ya jiran takardar kowa a irin wannan. Kuma a caji ofis akwai ɗaki musamman, mace ce a ciki, ba sai kun yi magana a kanta ba. Koriyar ƙofa, kusa da benci."

Ƙofar da na jingina da ita fiye da awa guda.

Na ce, "Ranki ya daɗe, mai yankan kati yana zuwa taron?"

Ta tsinci jakarta ta rako mu. Muna saukowa 'yar sandan ta kira shugabar: ta aika gidan burodin, an ce manaja ya fita tun da aka yi masa waya, kuma wayarsa a kashe take.

Na yi tuƙi a rayuwata, amma ban taɓa yin irin na ranar ba. Sai dai lokacin tashin makarantu ne, ga wata tirela ta mutu a kan gada. Na bi lungu, na hau gefen titi, wani ya zage ni har kakata, ban ko waiwaya ba. Huɗu da minti ashirin da biyar muka tsaya.

Nas ɗin ta kai mu wani ƙaramin ɗaki mai labule. Zan tsaya a waje, Yaya ta kama gefen rigata, sai na shiga. Nas ta kalli agogon bango, ta kalli fom ɗin da ke gabanta.

"Ƙanwata, ki tuna da kyau. Kin tabbata huɗu ne? Ba biyar ba? Mutum yakan rikice."

Har ni na gane hanya take ba ta. Na ce a raina, Yaya ki ce biyar, don Allah ki ce biyar.

"Akwai agogo a siton," in ji Yaya. "Shi na yi ta kallo har ya gama."

Nas ta ajiye biro. Sannan ta buɗe durowa ta ɓallo ƙwaya, ta zuba ruwa a kofi.

"Sha. Kullum ɗaya, har kwana ashirin da takwas. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san ko maganin zai yi aiki yanzu ba. Sai gwaji ya nuna, kuma gwajin ƙarshe sai bayan wata uku."

Yaya ta haɗiye. Ni aka fitar da ni za a duba ta. A baranda na hango mai kati yana rufe tagarsa, ya tashi aiki, har ya ɗaga mini hannu.

Da muka fito na tayar da keke na fizge shi, hannuna bai san an gama ba. Na ce, "Yaya, ni ne. Da na faɗa tun a kanta..."

Ta dafa kafaɗata ta baya.

"Auta, rage gudu," in ji ta. "Yanzu ba inda muke sauri."