Mota Mai Fuska Biyu

Sau uku Ibodullo Rajabov ya zagaya motar yana neman bayanta, bai samu ba. A wannan ɓangaren fitilu biyu da gilashi da sitiyari. Ya taka zuwa ɗaya ɓangaren, nan ma fitilu biyu da gilashi da sitiyari. Rabinta shuɗi ne, rabin kuma ruwan ƙasa, ga tabon walda ya zagaye tsakiyarta kamar ɗinkin tiyata. Ya cire hularsa ya mayar, ya dubi mutanen Sangdara da suka cika tsakar gidan, ko wani zai ce masa wasa ake yi.

Shekara goma sha tara Rajabov yana duba motoci a babban garin gundumarmu, sai ya sa hannu ake ba mota lamba. A lokacin mutum kan shekara goma yana jiran layin sayen mota, don haka masu hannu suka koma ƙera tasu a bayan gida. Ya ga mai taya uku, ya ga mai jikin katako, ya ga har wadda aka ɗaura wa farfelar jirgin feshi. Wadda ba ta da baya ce dai bai taɓa gani ba.

"Usto, wai ina gabanta?"

"Duk inda ka nufa, ranka ya daɗe," in ji Usto Nazarali.

Usto shi ne mai gyaran taraktocin gonar gwamnati, dattijo ne mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Kowa a ƙauyen ya san abin da ya sa shi wannan aiki. Hanyarmu kilomita goma sha ɗaya ce, faɗinta na mota guda, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo da kogi a ɗaya gefen, babu inda za a juya sai an kai ƙarshe. Shekara shida da suka wuce ƙanensa Shodmon ya tarar da dutse ya tare hanya, ya dawo da babbar motarsa da baya-baya, tayar baya ta zame. Kwana huɗu aka yi kafin a sami gawarsa. Bayan sadakar arba'in Usto ya jawo gawar ƙananan motoci biyu da haɗari ya cinye bayansu, ya yanke, ya haɗa kawunan. Kowane kai da injinsa. Wanda ba a aiki da shi sai a sa giyarsa a firi, a kulle sitiyarinsa da wani ƙarfe.

Ya yi wa Rajabov wannan bayani a tsaye, sannan ya miƙa masa makulli. Rajabov ya ɓoye hannuwansa a baya, ya ce shi aikinsa dubawa ne, mai mota shi ke tuƙa motarsa. Direban ofis da ya kawo shi ya riga ya koma, sai la'asar zai dawo.

Suna shirin shiga sai ga Mohbegim, matar Usto, ta fito da ƙunshin gurasa da busasshen tuffa. Ta ce tunda gangarawa za su yi, su sauke ta a gidan 'yarta Zarrina da ke bakin gada.

"Gwaji za mu, uwar Zarrina, ba yawon gaisuwa ba."

"Shekara shida wannan abar tana cinye min tsakar gida, ko wurin shanya ba ni da shi. Yau dai ta biya ni."

Aka yi dariya. Ta shiga ɗaya kan, ta zauna a bayan sitiyarin da ke kulle, ta juya wa mazan baya, ƙunshinta a cinya.

Motar ta yi tafiya lafiya. Rajabov ya buɗe littafinsa a gwiwa yana rubutu, yana tambayar nauyinta da ƙarfin birkinta, yana kawo lambobin dokoki da ka. Ya ce doka ta ce jar fitila a baya take, to ina za a sa ta? Usto ya ce ya sa wa kowane kai fara da ja. Rajabov ya girgiza kai ya rubuta.

Sun ci kilomita huɗu, a inda hanya ta fi matsewa, tsakuwa ta fara zubo wa rufin motar. Usto ya taka birki. A gabansu, tazarar da ba ta fi taku talatin ba, gefen dutsen ya saki gaba ɗaya ya sauko kan hanya da ƙara irin ta aradu. Kafin ƙurar ta lafa wani dutse kamar tulu ya fasa gilashi ya sami Usto a kafaɗar dama. Hannun ya saki, jini ya wanke masa gefen fuska. Injin ya mutu.

Tsakuwa ba ta daina zuba ba. Ƙofar dama dutse ya tokare ta, ta hagu kuwa in an buɗe sai kogi.

"Haura can," in ji Usto da ƙyar. "Cire ƙarfen, ka tayar da wancan injin. Yi maza."

Rajabov bai motsa ba. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Ranka ya daɗe, sauran dutsen na tafe."

"Ban iya ba."

"Ba wuya, kamar kowace mota take."

"Usto, ban iya tuƙi ba. Ban taɓa yi ba."

Usto ya juyo da ido ɗaya, wanda jini bai rufe ba, ya zuba masa. Mutumin da ya hana rabin gundumar lamba, wanda direbobi ke miƙewa tsaye in ya shigo ɗakin shan shayi.

Sai suka ji ƙarar ƙarfe ya faɗi a bayansu, injin can ya yi tari sau biyu ya kama.

"Baban Zarrina, sa naka a firi," in ji Mohbegim ba tare da ta waiwayo ba. "Kai kuma baƙo, ga ƙarfe nan ƙarƙashin kujerarka, zura shi a ramin da ke gindin sitiyari. Ka tabbata ya shige."

Rajabov ya durƙusa ya yi yadda aka ce, sai a karo na uku ya dace da ramin. Motar ta zabura, ta tsaya, ta sake zabura, sannan ta kama hanya. Mazan biyu suna zaune suna fuskantar inda suka baro, suna ganin hanyar tana tsawo a gabansu. Ba su yi nisa ba sauran dutsen ya sauko. Daidai wurin da suka tsaya ya karye ya tafi kogi, kamar an gutsiri gurasa. Rajabov ya yi salati a hankali, shi da ba a taɓa jin ya ambaci Allah a bainar jama'a ba.

Sai da suka wuce lanƙwasar hanya biyu masu haɗari Usto ya yi magana.

"Uwar Zarrina, wa ya koya miki?"

"Wa ke riƙe maka wannan kan in kana gwaji? Ido gare ni."

"Riƙewa daban, tuƙi daban."

"Duk Lahadin da ka tafi kasuwa ina kai ta masussuka in dawo. Tun bara. Yi min shiru, ga kwana."

Haka suka shigo Sangdara, kan ruwan ƙasa a gaba, Mohbegim ta ƙanƙame sitiyari, ɗankwalinta ya zame har wuya. Mutanen da ke zaune a ƙofar kanti suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta tambaya ko maza sun ƙare ne.

Ma'aikaciyar jinya ta ɗaure kafaɗar Usto, ta ce ƙashin wuya ne ya karye, zai warke. Hanya kuwa sai da aka yi kwana goma sha biyu ana gyaranta, duk kwanakin nan Rajabov a gidan Usto ya zauna. Usto bai gaya wa kowa abin da ya ji a cikin motar ba, matarsa ma haka. Da mutane suka tambayi dalilin da ya sa mace ta tuƙo, sai ta ce ita ce ke kusa da sitiyari.

Baƙon ba ya cin abinci sosai. Yakan zauna a gindin bishiyar tuffa da takardar ba da lamba a gabansa, ya ɗauki alƙalami ya ajiye. A rana ta uku ya ce wa Usto doka ba ta san mota mai kai biyu ba, in ya sa hannu za a kore shi. Usto ya ce ya sani, ya tura masa shayi.

A rana ta biyar da hantsi, maza sun tafi aikin hanya, Usto na barci, Mohbegim ta fito da kwanon wanki ta tarar da Rajabov a cikin motar. Yana zaune a kan shuɗin, hannuwansa biyu a kan sitiyari, yana leƙen ƙafafunsa. Da ya gan ta ya so ya fito, sai kuma ya fasa.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "cikin ukun nan wanne ne birki?"

Ta dube shi, ta dubi ƙofar gida. Ta ajiye kwanon, ta je ta sa sakata, ta dawo tana goge hannu a zaninta.

"Na tsakiya," ta ce. "Amma ba da shi ake farawa ba. Matsa."